Yayana Mai Jita

Ina dama masa koko a tsakar gida ne ya cika. Ban sani ba sai da na shiga da kofin. Na tarar da shi kwance ta ɓarin da na juya shi bayan sallar asuba, fuskarsa na kallon bango, bakinsa a ɗan buɗe. Na ce, Yaya. Bai amsa ba. Na ajiye kofin a kan kujera, na taɓa wuyansa, na shafe masa ido, na ja zane na lulluɓe shi. Daga nan na fita na sauke tukunya daga kan gawayi don kada kokon ya kama, sannan na aika a kira mini limamin masallacin layinmu. Matar da ke haya a ɗakin bakin ƙofa ce ta fara kuka. Na tsaya ina kallonta, ina jiran nawa ya zo, bai zo ba.

Kafin azahar gidajen rediyon Kumasi sun ɗauka. Ina zaune a kan tabarma cikin mata, ina jin rediyon wani mai shago ta bayan katanga yana cewa Zango ya yi rashin muryarsa. Ana ta ambaton sunan da duniya ta san shi da shi. Ni ban taɓa kiransa da wannan sunan ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne babba, ni ce ta ƙarshe, kuma da Auta yake kirana har na yi jikoki.

A tsohon Zango, unguwar Hausawan Kumasi, aka haife mu, a gidan da kakanmu ya gina bayan ya zo daga ƙasar Kano fataucin goro ya ƙi komawa. Babanmu ya gaji fataucin, ya gaji gidan, ya kuma gaji tsananin. Da ya ga Yaya ba shi da kan kasuwa, sai ya kai shi koyon ɗinki wajen wani tela a unguwar Dichemso. Jikin shagon telan akwai wani tsohon kafinta Batone, wato cikin 'yan ƙasa masu garin, wanda idan aiki ya yi sauƙi yakan zauna a kan benci ya ɗauko jita yana kiɗan hailaif irin na da, yana waƙa da Tonanci, harshensu. Yaya ya fara leƙawa, daga leƙe sai zama. Tsohon ya koya masa inda ake sa yatsu, daga baya ya haɗa masa wata ƙaramar jita da ragowar katako.

Ina ƙarama ranar da Baba ya gano ta a ƙarƙashin gado. Bai yi faɗa ba. Ya fito da ita tsakar gida, ya ɗora ƙafa a kai ya taka har ta rabe, ya ce wa Mma, uwarmu, ta sa a murhu. A gidanmu kiɗa aikin maroƙa ne, jita kuwa ta masu shan giya ce. Yaya ya tattara 'yan kayansa ya koma unguwar Krofrom wajen abokai. Mma takan ba ni tuwo a kwano in kai masa a ɓoye, in same shi a wani ɗaki mai warin taba, su da yawa, kowa da abin kiɗansa.

Ya daɗe yana bin ƙungiyoyin hailaif yana kaɗa musu, yana rera waƙoƙin wasu da Tonanci. Babu wanda ya san shi a lokacin. Abin ya canja ne a wani biki a Zango, da aka gayyaci ƙungiyarsu don ango yana son kiɗan zamani. Mutane suna zaune suna kallo kawai, ba mai rawa. Sai Yaya ya ce wa abokansa su ci gaba da kiɗan yadda yake, shi kuma ya matso gaban lasifika ya fara wata waƙa da ya haɗa da Hausa, kan matan da ke dakon kaya a babbar kasuwa, da daro a ka da ɗa a baya, da yadda mai kaya ke tafiya gaba ba ta ko waiwayo. Ina wurin. Na ga tsofaffin mata sun daina tauna goro. Ba a taɓa jin harshenmu a kan irin wannan kiɗa ba, kuma ba a taɓa jin mawaƙi ya gama waƙa a biki bai ambaci sunan mai kuɗi ko ɗaya ba.

Wannan shi ne abin da ya riƙe har ƙarshen waƙarsa. Ba ya roƙo, ba ya kirari. Alhazawa sun sha aiko masa cewa ya sa sunansu a waƙa, yakan ce wa ɗan aike ya gaida Alhaji, shi bai iya ba. Waƙoƙinsa na mai shayi ne, da direban da ya kwana a hanyar Tamale, da ruwan sama da ke cika kwata ya shigo mana ɗaki, da saurayin da ya tafi Legas neman arziki ya dawo da jaka ɗaya. Akwai wadda ya yi wa Mma, kan hayaƙin murhunta, ba tare da ya ce ita ce ba.

Da zai ɗauki kaset ɗinsa na farko, wadda za ta yi masa amshi ta fasa, mijinta ya hana. Ya zo makarantar da nake koyarwa, ya jira aka tashi, ya ce in zo in taimake shi. Na bi shi. A situdiyon akwai wani baƙo daga Kano da ya zo wani aiki, yana jin mu yana dariya, don a wata waƙa Yaya ya ce mace ya zo maimakon ta zo, kuma ya cusa kalmomin Tonanci a tsakiyar baiti. Baƙon ya ba shi shawara ya gyara idan yana so a saurare shi a Najeriya.

Yaya ya ce, "Haka ake faɗa a layinmu, Malam. Idan na gyara, ba mu ba ne kuma."

Kaset ɗin ya bazu fiye da yadda kowa ya zata. A tasha, a shagon aski, a cikin trotro, motocin haya na garinmu, ko'ina shi ne. Baba ya ji shi a tashar manyan motoci inda ake loda goro. Mma ce ta gaya mini daga baya cewa da ya dawo gida ya zauna ya daɗe bai taɓa abinci ba, sannan ya ce mata muryar da ke amshin nan tata ce, ita Mma, sak lokacin da take budurwa. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan game da waƙar ɗansa. Sun shirya da Yaya kafin Baba ya rasu, ta hanyar da maza irinsu ke shiryawa: Yaya ya riƙa zuwa ran Juma'a yana yi masa aski, ba mai tayar da zancen.

Shekarun da suka biyo baya ban cika ganinsa ba. Yau yana Accra, gobe Tamale, jibi a ce ya ƙetara Lome ko Yamai. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu. Ni ma na yi aure na bar amshi, na ci gaba da koyarwa. Abin da na gani da idona shi ne yadda yaran ajina suka canja. Da, idan suna tare da 'ya'yan Tonawa, kunyar Hausarsu suke ji, su juya harshe. Bayan waƙoƙin Yaya sai ga 'ya'yan Tonawa suna rera baitocin Hausa a filin wasa, suna zuwa wajen namu a fassara musu. Duk wani yaro ɗan Zango da ya riƙe lasifika daga baya, ko mai waƙar soyayya ne ko masu surutun nan na zamani da sauri-sauri, ta ƙofar da ya buɗe ya bi. Su da kansu suke faɗa.

Sai kaset ya mutu, yara suka koma haɗa kiɗa a kwamfuta, gayyata ta ragu. Matarsa ta rasu. Babban ɗansa ya tafi Italiya, 'yarsa ta yi aure a Accra. Ya dawo gidan gado ya karɓi ɗakin Baba. Nawa mijin ma ya riga ya rasu, ina ɗakin Mma. Muka koma yadda muka fara, mu biyu a tsakar gida ɗaya, sai 'yan haya.

A wajen wani suna a Dichemso abin ya same shi, da rana tsaka. Yana cikin waƙa hannunsa na hagu ya zame daga wuyan jitar ya faɗo gefe. Bakinsa ya ci gaba da motsi amma kalmomin suka cakuɗe. Mutane suka ɗauka wani sabon salo ne, har wasu suka yi tafi, sai da ya sulale daga kan kujera. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Ya farfaɗo, magana ta dawo a karkace, hannun da ƙafar ba su dawo ba.

Daga nan ne rayuwata ta koma ɗakinsa. Da farko mutane suna zuwa dubiya, 'yan jarida ma sun zo sun ɗauki hoto. A hankali ƙafa ta ɗauke. Aka bar ni da wanki, da juyi, da shafa man zafi, da share abin da ba a faɗa. Wani ɗan ƙanin babanmu yakan zo ya yi masa wanka, sauran ni ce. Ina jin na yi kuka sosai a shekarar farko. Ina tuna ina shiga bayi in rufe ƙofa in yi, in wanke fuska in fito. Ban san lokacin da ya tsaya ba. Wata rana dai na lura ya jefe ni da kofi, kamar yadda yakan yi idan harshensa ya ƙi ba shi kalmar da yake nema, na sunkuya na ɗauka na ɗauraye na sake cika masa, ban ji haushi ba, ban ji tausayi ba. Daga ranar haka na zama.

Ba ya son jin waƙarsa. Idan mota ta wuce da ita sai ya rufe ido ya juya kai. Jitar tana rataye a bango cikin rigarta, ya ce in juya ta, na juya, ya ce in fitar da ita, na kai ɗakina. Wa'azi yake saurare a rediyo daga safe har yamma. Wata rana wani malami ya yi magana mai zafi kan makaɗa da abin da ke jiransu. Ina yanke masa farce. Ya bari malamin ya gama, sannan ya yi magana a hankali, yana jan kowace kalma.

"Auta, kina ganin za a tambaye ni?"

Na ce kowa za a tambaye shi.

"Ban zagi kowa ba. Ban yabi kowa don abin hannunsa ba."

Na ce Allah ya sani.

Na gama hannun mai rai na koma ɗayan. Sai ya ce, "Ran da na mutu, kada a sa waƙata a ƙofar gidan nan." Na ce to.

Ran da ya cika, bayan la'asar aka kai shi. Mu mata muka tsaya a gida, aka ce mini jama'a ta cika titi har motoci suka kasa wucewa. Washegari aka kafa rumfuna a layi, aka jera kujerun roba. Mutanen da ban gani ba tun yana iya tafiya duk suka bayyana. Tonawa suka zo cikin baƙaƙen zannuwansu, suka bi layi suna miƙa hannu ɗaya bayan ɗaya yadda suke yi a nasu makokin. Cikinsu akwai wani dattijo da ya ce shi ɗan kafintan nan ne. Ya riƙe hannuna yana hawaye yana ba ni labarin yadda Yaya yake cin abinci a kwano ɗaya da su. Na yi masa godiya da Tonanci. Ina kallon wani zare da ya zaro a bakin zanensa, ina tunanin da almakashi na kusa da na yanke masa.

Ran sadakar uku samari suka zo da mota cike da manyan lasifikoki. Na fita na sami babbansu na gaya masa abin da Yaya ya ce. Yaron kirki ne, ya cire hula ya ba ni haƙuri, ya sa aka mayar da kayan cikin mota. Suka je can bakin titi, inda layinmu ya haɗu da babbar hanya, suka kafa a wurin. Ba ƙofar gida ba ce. Amma ana ji tsaf daga tsakar gida, har kwanukan da ke kan katanga suna rawa. Malamai suna karatu a rumfa, muryar Yaya tana shigowa ta samansu, tawa tana amsa masa. Na yi tunanin in sake fita. Sai aka ce shinkafa ta ƙare a wajen mata, na tafi can.

A ranar ne wata tsohuwa ta ratso mutane ta durƙusa a gabana. Ta ce daga arewacin ƙasar nan ta zo Kumasi tana yarinya, ta yi dako a kasuwa har wuyanta ya ƙi. Ta ce ranar da ta fara jin waƙar nan tana ɗauke da daron doya, ta tsaya cak a tsakiyar hanya har mai kayan ta zage ta, don ba ta taɓa sanin akwai wanda ya gan su ba. Ta yi kuka har majina. Matan da ke kusa da ni duk suka kama. Na san abin da ta faɗa babba ne, na san ya kamata ya taɓa ni. Na ce mata Allah ya ba da lada, na sa aka zuba mata abinci.

Ɗansa bai samu zuwa jana'iza ba, sai wajen arba'in ya iso. Ya shiga ɗakin uban ya fito da jajayen idanu, ya ce mini, Gwaggo, kin yi ƙoƙari. 'Yar'uwarsa ta ce wa wata maƙwabciya, ina ji, wai ƙarfin imanina ya ba ta mamaki. Ban gyara mata ba. Da zai koma ya tafi da jitar. Ya tambaye ni ko ina so in riƙe, na ce ya tafi da ita, a nan sai ƙura.

Bayan wasu watanni wata yarinya ta yi sallama a gidan. Na gane fuskarta, tana jikin allunan talla a kasuwar Kejetia, kuma jikokina suna kallonta a waya. 'Yar Zango ce, iyayenta mutanen Nijar, mawaƙiya ce da ake ji da ita yanzu har ƙasashen waje. Ta cire takalmi tun daga ƙofa, ta zauna a ƙasa duk da na nuna mata kujera. Ta ce da waƙoƙin Yaya uwarta ta yi renonta, kuma ba don shi ba da ba ta taɓa tunanin za a yi waƙa da Hausar gidansu a saurara ba. Tana so ta ɗauko muryarsa daga tsohon kaset ta ɗora a sabon kiɗa, ta yi waƙar da ya yi wa Mma tare da shi. Ta riga ta yi magana da 'ya'yansa sun yarda. Abin da ya kawo ta shi ne amshin. A kaset ɗin muryata ta dusashe, injin ya kasa tsamo ta, tana roƙon in zo in sake yi.

Na ce mata na tsufa, muryar ta tafi.

Ta ce, "Ita nake so, Mma. Yadda take yanzu."

Na rasa dalilin da zan ce a'a, sai na ce to.

A Krofrom situdiyon yake, a saman wani bene, ba nisa da inda nake kai wa Yaya tuwo, ko da yake an rushe wancan gidan an gina shaguna. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki mai gilashi, aka ɗora mini abin ji a kunne. Sai ga Yaya a cikin kaina, yana saurayi, an wanke muryar tas har ina jin inda yake jan numfashi. Ya yi baitinsa, wurin amshi ya zo, bakina ya buɗe da kansa. Ban manta ko kalma ɗaya ba. Ta cikin gilashin na ga yarinyar ta rufe fuska da gyale, mai injin ya sunkuyar da kai. Ni sanyin na'urar ɗakin ne ya dame ni, yana shiga mini gwiwa. Da aka gama na tambaya ko za a sake, aka ce ya yi. Ta sa direbanta ya mayar da ni gida.

Waƙar ta fita, ta kuma karɓu. Na ji ta a trotro ina dawowa daga asibitin ido, yaron mota yana bin ta da baki yana karɓar kuɗin mota. Matar da ke kusa da ni ta ce wa ƙawarta muryar tsohuwar nan tana sa tsikar jikinta ta tashi. Na ce a tsaya a mahaɗa, na sauka. Tun daga lokacin matasa suka fara zuwa layinmu, wasu daga Accra, wasu har da Turawa, suna tsayawa a ƙofar gidan suna ɗaukar hoto. An ce ana maganar sa wa wani titi sunansa. An gayyace ni rediyo, ban je ba.

Na taɓa gaya wa wata ƙawata da muka yi koyarwa tare halin da nake ciki. Ta ce gajiya ce, zai sake ni, wata rana ina wanke-wanke kukan zai zo mini gaba ɗaya. Mai yiwuwa. Ina cin abinci, ina sallah, ina yi masa addu'a bayan kowace, ba na tsallakewa. Kalmomin suna fita daidai.

Da damina ta wuce dangi suka zauna suka ce ɗakin ba zai zauna a rufe ba. Aka ba wani magidanci haya, mutumin Nijar, sabon zuwa, yana sayar da kayan waya a bakin kasuwa. Na kwashe abin da ya rage, na ba da katifar, gadon aka kai wa ɗan ƙanin babanmu. Mutumin ya yi wa ɗakin shuɗin fenti, ya kawo matarsa da jaririnsu. Wata safiya ya fito zai tafi kasuwa ya tarar da wasu samari uku suna ɗaukar hoto a ƙofa. Ya dawo ciki ya same ni ina tsince wake, ya gaishe ni, ya tambaya ko lafiya, me mutanen nan suke nema.

Na ce yayana ne ya zauna a ɗakin da yake ciki, mawaƙi ne.

Ya ce Allah ya jiƙansa, na ce amin. Sai ya tambaye ni inda matarsa za ta ɗaura igiyar shanya, don kayan jariri sun yi yawa. Na tashi na nuna masa ƙusar da ke jikin bangon bayi, na ce ɗaya bakin ya ɗaura a tagata.